Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865–1944): Daga Sirdin Doki Zuwa Zamanin Jirgin Sama

Duk ɗan Ƙofar Guga da ke zaune a Legas ko Abuja ko Fatakwal, da zarar Sallah ta ƙarato, lissafinsa bai wuce na awowin da zai yi kafin ya ga ganuwar gida ba. Wanda Allah ya hore wa kuɗin tikiti yana iya karya kumallo a bakin teku, ya sallaci la'asar a Katsina. Wannan sauƙi yana da tarihi, kuma ba za a ba da shi ba sai an ambaci marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda aka haifa a zamanin doki da raƙumi, ya kuma bar duniya jiragen sama na ratsa ƙasar Hausa dare da rana.

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865, a gidan Durɓin Katsina Giɗaɗo, daga zuriyar Fulanin Sulluɓawa, waɗanda unguwarsu ke maƙwabtaka da tamu. Ya tashi a lokacin da hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi ba su gama lafawa ba, saboda haka bayan karatun allo, hawan doki da riƙon mashi su ne makarantarsa. Daga baya ya gaji sarautar Durɓi, kuma yana kanta ne Turawan Ingila ƙarƙashin Lugga suka shigo birni ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903. Bayan sun tuɓe Sarki Abubakar, suka kuma tuɓe Sarki Yero, sai suka ba Dikko sarauta a 1906, mulki ya tashi daga gidan Dallazawa ya koma na Sulluɓawa. Har yau masana suna tattauna yadda wannan sauyi ya auku, amma babu jayayya a kan ayyukan da suka biyo baya. A zamaninsa aka kafa baitulmalin Katsina, wanda wasu masarautu suka yi koyi da shi, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Sai dai abin da ya fi fito da sunansa a duniya shi ne tafiye-tafiye. A wancan zamani talakan da ya yi niyyar Hajji yakan sallami iyali kamar wanda ba zai dawo ba, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙafa ko a kan jaki, yana tafe yana noma da ƙwadago, har ya kai gaɓar Bahar Maliya bayan shekaru. Sarki mai ci kuwa ba ya barin ƙasarsa don irin wannan tafiya. A 1921 Dikko ya karya wannan al'ada. Ya gangara Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, tafiyar kimanin mako biyu a kan teku, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya wuce Makka ya sauke farali. Masu ba da tarihin masarauta sukan ƙirga masa abubuwa uku da ya riga takwarorinsa na Arewa: zuwa Hajji yana kan gado, zuwa Ingila, da shiga jirgin sama.

Ziyarce-ziyarcensa sun zo daidai da ƙuruciyar sufurin sama na Ingila. A 1924, shekarar da ya koma don babban bajekolin daular Ingila a Wembley, aka haɗe ƙananan kamfanoni huɗu aka kafa Imperial Airways, mai tashi daga filin Croydon a kudancin Landan. Da ya sake komawa a 1933, shekarar Hajjinsa na biyu, abin alfaharin kamfanin shi ne Handley Page 42, ƙaton jirgi mai fukafukai hawa biyu da injuna huɗu, mai ɗaukar fasinja har 38, wanda gudunsa bai wuce kimanin kilomita 160 a awa ba. Matafiyin yau zai ce wannan tafiyar hawainiya ce, amma ga mutanen da ke auna nisa da zango, abin al'ajabi ne.

Nan gida ma labari ya fara sauyawa. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka Kano daga Masar. A watan Fabrairun 1936 Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano da jirgin de Havilland 86 mai injuna huɗu, da farko don ɗaukar wasiƙu, kuma kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar zuwa Legas. Abin lura a nan shi ne zangunan da jirgin ke yada zango: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Janaina, Fashir da Ubayyid. Wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazai, wadda ƙafafun kakanninmu suka share tun ƙarnoni. Bature ya bi sawunsu ne ta sama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an haɗe Imperial Airways da wani kamfani an samar da BOAC, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana sun bi wannan hanya ta Kano zuwa Masar.

Ana cikin wannan yaƙi ne Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a 1944, bayan fiye da shekara 37 a kan gadon sarauta, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Bai ga abin da ya biyo baya ba. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, WAAC, wanda ya haɗa garuruwan Najeriya da ƙananan jirage ƙirar Dove. BOAC ya riƙa ƙetare Sahara daga Landan zuwa Kano da jiragen Hermes da Argonaut, kuma a shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama daga Kano ta kankama. Hanyar ba ta rasa baƙin ciki ba, domin a ranar 24 ga Yuni, 1956, wani Argonaut ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano cikin hadari, mutum 32 suka rasu. A 1964 aka fara kawo VC10 mai injuna huɗu a wutsiya, wanda aka ƙera musamman don filaye masu zafi irin namu. Yau duk sun zama tarihi: BOAC ya narke cikin British Airways a 1974, Nigeria Airways da ya gaji WAAC a 1958 ya durƙushe a 2003.

Darasin da ke cikin rayuwar wannan bawan Allah ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna birane. Dikko ya yarda cewa gani ya kori ji, amma bai taɓa tafiya ya manta hanyar gida ba. Abin da ya gani na amfani, a fannin ilmi, har na 'ya'ya mata, da kiwon lafiya da kiwon dawaki da wasan folo, Katsina ya kawo wa. Mu da muke yin tafiyar da ta ci masa makonni cikin awowi, me muke riƙowa Ƙofar Guga ban da tsarabar Sallah?

Akwai kuma amanar da ke neman kuɓuce mana. A cikin akwatunan gidajenmu akwai tsofaffin fasfo na Hajji, da tikitin BOAC, da hotunan iyaye a gindin matakalar jirgi a Kano, gara da damina suna cinye su, dattawan da suka san labarinsu kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zo gida bana, ya zauna da tsohon gidansu ya rubuta abin da ya ji, ya ɗauki hoton takardun ya miƙa wa ƙungiya, ya kuma kai yaransa tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan Sarki Dikko da sauran magabatanmu, ya kyautata namu zuwan, amin.