Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makaranta a Kan Kujerar Mulki

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birane ba su san Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ba sai a jikin takardar naira biyar. Mu kuwa da muka riƙe alli, malami muke ɗaukarsa kafin komai. An haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya dawo Makarantar Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta.

A aji ya koyi sana'ar da ta ɗaukaka shi, wato auna magana kafin a furta ta. Ba shi da hayaniya, ba shi da gaggawa, ga murya mai zurfi da ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Amma kada a ɗauki wannan sanyi a matsayin tsoro. A 1950 ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, a zamanin da taɓa ikon sarakuna ba abin wasa ba ne. Ya faɗi mai ɗaci cikin ladabi, aka ji haushi, amma aka kasa ture hujjarsa.

Wannan hali shi ya sa da ya zama Firayim Minista a 1957 ya iya haɗa NPC da NCNC da AG a gwamnati ɗaya. Sardauna mutum ne mai kwarjini da yanke hukunci nan take. Abubakar kuwa mai saurare ne da lallashi, kuma Legas ta lokacin irinsa take buƙata.

Sai dai a ganinmu, haƙurin da ya ɗaure ƙasa shi ne kuma ya yi masa illa. Bayan zaɓen Yamma na Oktoba 1965, ana ƙone gidaje ana kashe rayuka, ya zaɓi jira da sulhu, alhali a 1962 ya kafa dokar ta-ɓaci a yankin. A Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin Ƙungiyar Kwamanwel a Legas kan rikicin Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. An tsinci gawarsa a bakin hanya bayan 'yan kwanaki, aka kawo ta Bauchi aka binne. Allah ya jiƙansa, amin.