Alhasan Ɗantata: Maigidan da ya san riƙon yara

Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa kasuwar Waca, Dungas ko Magariya ya ji labarin dalar gyaɗar Kano. A yau mun ɗauko muku tarihin mutumin da sunansa ke tafe da wannan dala, wato Alhaji Alhasan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuri'ar Agalawa, fatake masu dogon zango. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi. Ya yi almajirci, sannan ya shiga fataucin goro, yana aika shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko tun wasu na kan jakuna.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1918 kamfanin Turawa na Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa. A nan muke son ƴan kasuwa su tsaya. Mutum ɗaya ba ya zagaye ƙauyuka ɗari. Sai ya zaɓi wakilai, ya ba su jari, su ma su ba na ƙasa da su, har kuɗin ya kai ga manomi kafin kaka. Wannan bashi ne mai haɗari, duk mai sakin kaya a hannun yaro ya san haka. Abin da ya tsare shi shi ne sanin wanda zai ba, da lissafin da ba ya wasa da shi. A ganinmu nan ne da yawanmu ke faɗuwa: ko mu ƙi sakin ko sisi, yaron ya gudu, ko mu saki ba rubutu, zumunci ya lalace.

A 1929, da bankin Turawan Ingila na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa azurfar Ɗantata.

Da ciwo ya tsananta, ya tara ƴaƴansa da mai riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyya su haɗa kai, kada kamfanin ya watse. Ya rasu ranar Laraba 17 ga Agusta 1955, aka yi masa sutura a unguwar Sarari. Ƴaƴansa Sanusi da Aminu suka ci gaba da harkar, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne.