Imamu Gazali, malamin da ya ajiye kujerar Bagadaza

A filinmu na tarihin magabata yau za mu waiwayi rayuwar Abu Hamid Muhammad al-Gazali, wanda aka haifa a garin Ɗus na ƙasar Iran ta yanzu a shekarar 1058. Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini al-Juwaini, ya ƙware a fiƙihun Shafi'iyya da ilimin tauhidi. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya ba shi koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa.

Ga suna, ga albashi, ga kusanci da fada. Amma malamin ya binciki zuciyarsa, ya tarar neman girma ne ke tura shi, ba neman yardar Allah ba. A 1095 damuwar ta kai har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi. Likitoci suka gane ciwon daga zuciya yake. Sai ya bar wa ƙanensa Ahmad kujerar, ya rabar da dukiya, ya fita da sunan aikin hajji, ya nufi Dimashƙu.

Daga can ya je Ƙudus da Halil, ya sauke farali a 1096, kamin ya koma Ɗus. Shekaru kusan 11 ya yi nesa da makarantun gwamnati, cikin halwa da zikiri. A wannan lokaci ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littafi mai kashi 40 da ya raba gida huɗu: ibada, al'amuran yau da kullum, halaye masu halakarwa, da masu tserarwa.

A nan ne muke ganin bambancin da ya fayyace. Fiƙihu yana duba zahiri: in alwala ta cika, ruku'u da sujada suka daidaita, salla ta inganta. Amma ko zuciya ta halarta, ko riya da hassada sun cinye ladan, wannan aikin ilimin baɗini ne, wato sufanci. Duk da haka bai yarda wani ya ajiye salla ko azumi da hujjar ya kai wani matsayi ba, ya kuma yi wa masu wannan da'awa raddi mai zafi.

Ba kowa ya karɓi littafin ba. A 1109 an ƙona Ihya a Ƙurɗuba ta Andalus, zamanin mulkin Murabiɗai, da goyon bayan wasu malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi. Ga shi yau ana karanta shi a zaurukan malamanmu.

Gazali ya koma koyarwa a Naisabur a 1106, ya rasu a Ɗus a 1111 yana da shekara 53.

A garuruwanmu gardama ba ta ƙarewa tsakanin ƴan ɗariƙa da masu sukarsu, har ta kan raba sahu da zumunci. Tarihin wannan bawan Allah na tuna mana cewa mai riƙe da hukunci yana bukatar gyaran zuciya, mai zikiri kuma ba shi da izinin ƙetare shari'a. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu amfana da abin da suka bari.