Malam Abdullahi na Gwandu da Ilmin Magani

  'Yan'uwa masu karatu, a filinmu na wannan mako za mu duba rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ta wata fuska wadda ba a cika ambatonta ba.

An haife shi wajen shekarar 1766, kuma ya fara karatu a hannun mahaifinsa da wansa Shehu. Shi ne ya ja rundunar Musulmi a Tabkin Kwatto cikin 1804, ya kuma ci Birnin Kabi cikin 1805. To amma mulki bai taɓa zama abin sha'awarsa ba. Wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, sai ya kama hanyar Makka, mutanen Kano suka tsai da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Da Shehu ya raba ƙasa cikin 1812, yamma ce ta zama rabonsa. Ya rasu a Gwandu cikin Hijira 1245, wato 1829, kabarinsa kuwa yana can.

Kowane almajiri ya san tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, amma kaɗan ne suka san Masalihul Insani, littafin da ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki a wuri guda. Haɗin nan ba banza ba ne, gama marar lafiya ba ya iya tsayuwar dare, balle noma ko neman ilmi. Ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma ya wallafa littattafai a kan ciwon ido da basur da amfanin filasko. Ashe ke nan shugabannin jihadi sun ɗauki magani a matsayin ilmi wanda ake karantawa, a rubuta, a nemi hujjarsa. Malam Abdullahi kuwa an san shi da tsanani wajen neman hujja, har yakan saɓa wa Shehu a wasu mas'aloli in dalili ya nuna masa haka.

Neman hujja a kan magani a zamaninmu yana da hanyarsa. Ɗauki misalin kumburi, wanda mutanenmu suka daɗe suna sha masa hano da sabara da bagaruwa. Masu bincike sukan shanya ganye ko saƙesaƙi a inuwa, su daka, su jiƙa, su tace. Sa'an nan a raba ɓeraye kashi-kashi, a ba wasu tataccen ruwan, wasu a ba su maganin asibiti irin su asfirin, wasu kuwa ruwa zalla. Daga nan sai a yi wa kowanne allurar wani sinadari na ciyawar teku a tafin ƙafa don ta kumbura, a riƙa auna ta sa'a bayan sa'a. Tun 1962 ake bin wannan hanya. Ko kumburin ya saɓe, aiki bai ƙare ba, sai an gano adadin da zai cuci hanta ko ƙoda, kana a gwada ga mutane. Asfirin ɗin kansa, ai daga binciken ɓawon wata itaciya aka kai gare shi.

Irin wannan ilmi ake koyarwa a jami'o'inmu, har da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da aka kafa cikin 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, cikin ƙasar da Malam Abdullahi ya mulka. Abin takaici shi ne masu yawo kasuwa-kasuwa da lasifika, suna sayar da kwalba ɗaya wai tana warkar da cuta goma, suna jingina ta ga addini, alhali ba wanda ya auna abin da ke ciki. Malamin da ya iya tambayar Shehu dalili, da wuya ya karɓi wannan daga bakin mai talla.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya haskaka kabarinsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.