Jigoro Kano: yaron da aka raina, wanda ya mayar da kokowa darasin makaranta

A ƙarshen watan Disamba na 2022 birnin Diffa ya karɓi baƙuncin gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na 43. A duk garin da takobi ya sauka, yara kan daɗe suna kama juna a cikin rairayi, kowa na kiran kansa da sunan gwaninsa, iyaye kuwa na tsawatarwa don gudun kada wasa ya hana karatu. Fiye da shekara 140 da suka wuce, wani malamin makaranta a ƙasar Japan ya ga cewa kokowa da karatu suna iya tafiya tare. Sunansa Jigoro Kano, shi ne ya ƙirƙiro wasan judo. Sunan dai na gidansu ne, ba shi da wata alaƙa da Kano ta Dabo.

An haife shi a shekarar 1860 a garin Mikage, kusa da birnin Kobe, a gidan masu hali. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara, daga nan mahaifinsa ya kai shi Tokyo, ya sa shi a makarantun da ake koyar da Ingilishi. Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa amma ba shi da jiki. Ko da ya zama saurayi, tsawonsa bai wuce mita 1.57 ba, nauyinsa kuma wajen kilo 41. Manyan ɗalibai suka mayar da shi abin cin zali. Wannan ne ya sa ya ƙudurta koyon jujutsu, wato dabarun faɗa da hannu na tsoffin mayaƙan Japan, waɗanda aka ce ƙaramin mutum kan iya kayar da ƙato da su.

Samun malami bai zo masa da sauƙi ba. A lokacin Japan ta juya ga zamani, mutane na kallon jujutsu a matsayin tsohon yayi, mahaifinsa ma bai goyi baya ba da farko. Sai a 1877, shekarar da ya shiga Jami'ar Tokyo, ya gano cewa wasu maɗora masu gyaran karaya sun san fannin. Ta hanyarsu ya kai ga Fukuda Hachinosuke, wanda ke koyarwa a wani ɗan ɗaki mai tabarma goma. A can ya sha faɗuwa ba adadi. Akwai wani babban ɗalibi, Fukushima Kanekichi, da ya gagare shi. Kano ya koma gefe ya yi nazarin kokowar sumo da ta Turawa, har ya samo dabarar saɓa abokin karawa a kafaɗa a jefar. Da ita ya kayar da shi, kuma har yau ana koyar da ita da sunan kata-guruma.

A 1879 yana cikin waɗanda suka yi wasa a gaban tsohon shugaban Amurka Ulysses Grant da ya kai ziyara Japan. A wannan shekarar Fukuda ya rasu. Kano ya ci gaba a hannun Iso Masatomo, sannan Iikubo Tsunetoshi, wanda ya ƙware a jifa. A wajensa ya gane babban sirrin wasan: kafin ka jefar da mutum, sai ka fara raba shi da daidaiton tsayuwarsa. Idan ya turo ka ja, idan ya ja ka tura, ƙarfinsa da kansa zai kai shi ƙasa. Wannan aiki ne na ido da natsuwa, domin wanda hankalinsa ya tafi wani wuri na ƙiftawar ido shi ne zai sha ƙasa.

A 1882, bayan ya kammala jami'a, ya buɗe tasa makarantar a wani ɗaki na wurin ibadar Eishoji a Tokyo. Tabarma 12 ce a ɗakin, ɗalibai tara. Ya kira wurin Kodokan, ya kira fannin judo, ma'ana hanyar sassauci. Ya fitar da dabaru masu haɗari daga karawar yau da kullum, don ɗalibai su iya gwada ƙarfinsu da gaske ba tare da sun ji wa juna ciwo ba. Darasin farko shi ne yadda ake faɗuwa: a kare kai, a bugi tabarma da hannu, a miƙe. Yaron da ya faɗi sau ɗari ya tashi lafiya, tsoron faɗuwa kan fita daga ransa, kuma daga nan amincewa da kai ke farawa. Ya kuma tsara matakai na ƙwarewa tun 1883, daga baya aka fara ɗaura baƙar ɗamara, ta yadda ɗalibi zai riƙa ganin ci gabansa mataki bayan mataki. Ana fara kowace karawa da gaisuwa, a gama da gaisuwa.

Ainihin sana'ar Kano koyarwa ce. Ya shugabanci babbar makarantar horon malamai ta Tokyo fiye da shekara 20, inda ya ba motsa jiki matsayi na musamman, kuma a 1911 judo ya samu shiga tsarin makarantun sakandare na Japan. Ya tattara koyarwarsa a kan ƙa'idoji biyu: amfani da ƙarfin jiki da na tunani ba tare da ɓarna ba, da kuma cin moriyar juna, tunda ba wanda zai iya koyon jifa sai da abokin da ya yarda a jefar da shi. A 1926 Kodokan ta buɗe sashen mata a hukumance.

A 1909 ya zama ɗan nahiyar Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya, a 1912 kuma ya jagoranci tawagar Japan ta farko, mai ƴan wasa biyu kacal, zuwa Stockholm. A 1938 ya halarci taron kwamitin a Alƙahira don kare damar da aka ba Tokyo ta shirya wasannin 1940. A hanyar komawa gida ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a cikin jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru ranar 4 ga Mayu 1938, yana da shekara 77. Wata biyu bayan haka Japan, wadda ke yaƙi da Sin, ta janye daga shirya wasannin.

Abin da ya bari bai tsira daga hannun masu ɓata shi ba. A shekarun yaƙi hukumomin soja sun yi amfani da wasannin faɗa wajen shirya samari zuwa fagen daga, shi ya sa aka hana judo a makarantu bayan 1945, sai a 1950 aka maido da shi. Ko a zamanin nan, bincike ya nuna cewa ɗalibai fiye da 100 sun mutu a wajen horon judo a makarantun Japan daga 1983 zuwa 2011, yawancinsu sakamakon buguwa a kai. Wasan kansa ba ya gyara yaro idan malamin ba shi da sani da tausayi. Duk da haka judo ya shiga Olamfik a Tokyo a 1964, na mata kuma a Barcelona a 1992, kuma ana bikin ranar judo ta duniya kowace 28 ga Oktoba don tunawa da haihuwarsa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Lambobinta biyu na Olamfik duk daga wasannin faɗa suka zo: tagullar Issaka Daboré a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016. Kokowa kuwa tana da gasarta ta ƙasa tun 1975.

A jihar Diffa, tun hare-haren da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, dubban iyalai sun bar garuruwan bakin Komadugu, makarantu da dama sun rufe, yara da yawa sun tashi a sansanoni irin na Sayam Forage ko a gefen babbar hanya. Yaron da ya girma cikin firgici yakan sha wahalar zama wuri ɗaya ya saurari malami. Kokowa ba za ta maye gurbin zaman lafiya ko aji ba, amma tana iya taimakawa, kuma ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Rairayi muna da shi, tsoffin ƴan kokowa muna da su. Abin da ya rage shi ne wanda Kano ya yi da tabarma 12: a sa lokaci, a sa doka, a koya wa yaro faɗuwa kafin a koya masa kayarwa, sannan a tabbata ya miƙa wa abokinsa hannu bayan an gama.