Elias Howe da Allurar Keken Ɗinki

Kowannenmu ya taɓa tsayawa gaban tela yana jiran kayan makaranta, amma kaɗan ne a cikinmu suka lura cewa kafar allurar keke tana wajen tsini ne, ba a gindi ba kamar ta hannu. A kan wannan ɗan bambanci Elias Howe ya ƙare ƙuruciyarsa.

An haife shi a 1819 a garin Spencer, jihar Massachusetts ta Amurka. Ɗan manomi ne. Ya koyi aikin injina a masaƙar Lowell, daga baya a Boston. A 1846 ya sami takardar mallakar kekensa.

Ga yadda dabarar take. Allura ta huda yadi ɗauke da zare. Da ta fara komowa sai zaren ya ɗan saki ya yi zobe a bayan yadin. Nan take ƙoshiya, irin ta masaƙa, ta ratsa zoben da zare na biyu. Allura ta ja, zaren biyu su sarƙe a tsakiyar yadi. Shi ke nan ɗinki ɗaya.

Keken ya fi masu ɗinkin hannu biyar sauri a gwajin da aka yi a Boston, duk da haka ba wanda ya saya. Ya tafi Ingila neman sa'a, ya komo a 1849 hannu wofi, matarsa kuma ta rasu a shekarar. Sai ya tarar Isaac Singer da wasu suna cin kasuwa da dabararsa. Ya kai ƙara, ya yi nasara a 1854, suka shiga biyansa. Gaskiya dai keken Singer ya fi nasa daɗin aiki, kuma Walter Hunt ya riga shi yin irin wannan ɗinki, sai dai bai yi rajista ba.

A manyan masana'antu yanzu ƙugiya mai juyawa ce a madadin ƙoshiya. Kwamfuta ke ƙidaya ɗinki, ta tsai da allura sama ko ƙasa, ta sa a yanke zare. Keken Howe kan yi ɗinki 250 a minti, na yanzu kuwa har 5,000, amma sarƙewar zaren ba ta sāke ba.

Bayan ya yi arziki ya shiga yaƙin basasar Amurka a matsayin ƙaramin soja. Ya rasu a Brooklyn a 1867, yana da shekara 48.