Norman Bowen, Mai Narka Duwatsu

An haifi Norman Bowen a garin Kingston na ƙasar Kanada cikin 1887. Da ya ƙare karatu a Amurka sai ya kama aiki a wani ɗakin bincike a birnin Washington cikin 1912.

A wancan zamani masana suna ta gardama a kan asalin duwatsu iri iri. Shi kuwa sai ya riƙa narka garin dutse a tanderu, yana duban abin da ke faruwa in ya fara hucewa. Ya gano narkakken dutse ba ya daskarewa gaba ɗaya. Wasu ma'adinai sukan riga wasu, masu nauyi su nutse ƙasa. Ya tara wannan ilmi a littafi cikin 1928, ya rasu cikin 1956.

Cikin 1969 'yan sama jannati suka kawo duwatsu daga Wata. Da ilmin marigayin masana suka bayyana cewa da farko tekun narkakken dutse ne ya lulluɓe Wata, fararen ma'adinai marasa nauyi suka taso sama suka zama ɓawonsa. Watau farin nan da muke gani da dare.